Na yi wa mahaifiyata alkawarin ba zan kai ta ko'ina ba, ga shi ƙarfina ya ƙare

Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 78. Shekara huɗu ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki, daga baya likitoci suka ce ta kamu da cutar mantuwa irin wadda toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa. Tana da hawan jini da ciwon suga, ina yi mata allurar insulin safe da yamma. Tun lokacin a wurina take. Cikin wata shidan nan abin ya tsananta. Ba ta barcin dare, sai ta miƙe ta ce za ta tafi gida wurin babarta. Sau biyu ta faɗi a banɗaki, sau ɗaya kuma da asuba muka tsince ta a bakin titi. Yanzu in ta sha ruwa sai ta ƙware, wani lokacin kuma bayan na yi mata allura sai ta ƙi cin abinci. Makon jiya ta kira ni ɓarauniya ta kai mini duka, ni kuma na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba tunda nake. Kwana na yi ina kuka. Ina aiki, ina da 'ya'ya uku, rabona da barcin awa huɗu a jere har na manta. Maigidana ya yi haƙuri, amma na ga alamar gajiya a tare da shi. Likita ya ce mu fara tunanin gidan kula da masu irin wannan lalura. Yayana, wanda ke zaune nesa yana turo kuɗi, ya ce muddin yana raye ba za a miƙa uwarsa hannun baƙi ba. Ni ma na taɓa yi mata alkawari, tana cikin hayyacinta, cewa ba zan kai ta ko'ina ba. Idan na kai ta, na ci amana ke nan? Idan kuma kaiwar ta zama dole, yaya zan gane gidan kirki?

Daga wata 'ya, an sakaya sunanta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya saka miki. Bari in fara da tsawar nan, don na ga ita ce ta sa kika rubuto. Ba halinki ne ya lalace ba. Duk wanda ya yi watanni ba barci, ana tashinsa sau uku sau huɗu a dare, ya wayi gari ya tafi aiki, wata rana bakinsa zai riga hankalinsa. Sai dai kada ki share ta kamar ba a yi ba. Tsawar tana gaya miki cewa tsarin da kuke kai ya daina ɗaukar nauyin da aka ɗora masa, kuma gara a saurare ta yanzu da take tsawa kawai.

Kafin mu kai ga maganar gidan kulawa, akwai abin da ba zai jira ba, shi ne allurar da kike yi mata sannan ta ƙi cin abinci. Insulin da ake yi sau biyu a rana galibi gauraye ne, an tsara shi a kan cewa mutum zai ci abinci daidai lokacin. Idan aka yi allurar ba a ci ba, suga na iya faɗuwa ƙasa da 4 a na'urar da ke ƙirga da mmol/L, wato ƙasa da 70 a mai ƙirga da mg/dL. Faɗuwar suga kan zo da zufa, da rawar jiki, da ruɗewa, da faɗa ba dalili, kuma a jikin mai mantuwa cikin sauƙi a ɗauka cutar ce ta motsa. Don haka duk lokacin da ta birkice, ki auna sugarta nan take ki rubuta, ki kuma auna da misalin ƙarfe biyu ko uku na dare na 'yan kwanaki. Ki kai wa likita wannan takarda cikin makon nan, ki gaya masa ƙarara cewa cin abincinta ba tabbas. Yana iya mayar da ita kan allura mai dogon aiki sau ɗaya a rana, ko ya tsara a riƙa yin mai saurin aiki bayan an ga yawan abin da ta ci. A shekarunta da lalurarta, likitoci kan sassauta ma'aunin sugar da ake nema, domin faɗuwarsa ta fi ɗan hawansa haɗari. Kada ki rage ko ki ƙara da kanki. Idan kuwa wata rana kika same ta ta yi laushi ba ta amsawa sosai, kada ki ɗura mata ruwan sukari a baki, zai iya zarcewa huhunta. Ki kwantar da ita a gefe ki nemi agajin gaggawa, ki kuma tambayi likita tun yanzu ko za a ba ki allurar glucagon, wadda ke ɗaga suga cikin gaggawa idan ya faɗi, ki ajiye.

A wannan zuwan ki roƙi a duba ta daga sama har ƙasa. Irin mantuwar mahaifiyarki, wadda ita ce ta biyu a yawa bayan cutar Alzheimer, takan sauko ne mataki-mataki, ta tsaya wuri ɗaya na watanni sannan ta faɗa ƙasa lokaci guda. Amma canjin da ya zo cikin kwanaki kaɗan, kamar dukan makon jiya, sau da yawa wani abu ne daban ya jawo shi, kuma yana da magani: cutar mafitsara, fitsarin da ya taru bai fita ba, taurin bayan gida, ƙarancin ruwa a jiki, ciwon haƙori, sabon magani, ko ciwon da faɗuwa ta bari ba ta iya faɗa ba. Tunda ta faɗi sau biyu, kuma mai yiwuwa tana shan maganin tsinka jini saboda shanyewar jikin, ki ambata wa likita ko ya ga dacewar a yi hoton ƙwaƙwalwa, don jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai makonni bayan an bugu. Ƙwarewar da take yi kuma tana bukatar ƙwararren da ke gwada haɗiya, shi zai ce ko ruwa mai kauri ya dace da ita da kuma irin laushin abincin da za ta iya. Kafin ki same shi, ta ci a zaune cak ba a kishingiɗe ba, da ƙaramin cokali, ba gaggawa, ta ci gaba da zama rabin awa bayan ta gama, ki duba kumatunta ko ta ɓoye loma, a kuma wanke mata baki safe da dare. Tsaftar baki tana rage ciwon huhun da ƙwarewa ke kawowa. Ina roƙonki kuma, kada gajiya ta sa ki saya mata maganin barci. Irin su diazepam suna ƙara ruɗewa da faɗuwa, suna kuma daɗa ɓata haɗiya.

To, a ce an gyara duk waɗannan ta ɗan samu sauƙi. Abin da zai rage shi ne mace mai tashi da dare, mai faɗuwa, mai bukatar allura da awon suga da mai zama kusa da ita duk lokacin cin abinci. Irin wannan jinya tana son mutum a farke dare da rana. Mako yana da awa 168. Idan ma'aikaci ɗaya yana yin awa 40 a mako, sai an haɗa mutum huɗu da ɗoriya kafin a cike wannan lokaci. Aikin mutum huɗu kike yi ke kaɗai, ga aikin ofis, ga 'ya'ya uku. A ganina likitanku bai yi gaggawa ba da ya kawo maganar.

Alkawarin kuma, ki tuna abin da take tsoro ranar da ta nemi ki yi mata shi. Tsoronta a yasar da ita, ta zauna cikin ƙazanta da yunwa ba mai leƙa ta. Ita da ke a lokacin ba ku hango ranar da za ta tsaya a bakin titi da asuba ba ta san sunan titin ba. Za a iya cin wannan amana tana cikin ɗakinki, idan kika faɗi ciwo ba mai maye gurbinki, za a kuma iya riƙe ta tana wani gida da kike zuwa kullum kina bin kadin komai nata. Amma ba zan ɓoye miki nata ɓangaren ba. Ƙaura tana da wahala ga mai mantuwa. Za ta rasa hanyar banɗakin da ƙafarta ta saba, da muryoyin jikokinta da safe, kuma makonnin farko ruɗewarta kan ƙaru. Gidan kulawa ba ya warkar da cutar, a can ma ana faɗuwa. Abin da gidan kirki ke da shi wanda ba ki da shi shi ne mutumin da ya yi barci da rana ya zo aikin dare da idonsa biyu, da wani da zai karɓe shi da safe.

Yayanki ba maƙiyinki ba ne a wannan magana. Wanda ke nesa yana riƙe da hoton uwarsa na bara ko bara waccan, yana jin muryarta a waya na minti biyar, kuma masu mantuwa sun iya gaisuwa lafiya lau har sai an zauna da su. Akwai kuma nauyin da yake ji na rashin kasancewa kusa, wannan nauyi kan fito a matsayin kafewa. Kada ki yi gardama da shi a kan wa ya fi ƙaunarta, ba mai cin wannan. Ki rubuta abin da ke faruwa na mako biyu, da sa'a da komai: ƙarfe nawa ta tashi, sau nawa aka canza mata shimfiɗa, awon suga, ƙwarewa, abin da ta ci. Ki tura masa ba tare da sharhi ba. Ki nemi ya shiga ganawarku da likita ko ta waya, ya ji daga bakin da ba naki ba. In da hali ya zo ya karɓi jinyar kwana uku da darensu, ke ki kwana wani wuri, gani ya kori ji. Sannan ki ce masa, "Yaya, na yarda kada a kai ta, to gaya mini wa zai riƙe dare, ranakun nawa, daga yaushe." Idan ya kawo tsari mai sunaye da sa'o'i, ki karɓa da hannu biyu. Idan ba shi da shi, ki nemi ya raka ki duba gidajen, domin wanda aka sa cikin zaɓe ya fi saurin amincewa da abin da aka zaɓa. Maigidanki ma ki zauna da shi ki tambaye shi kai tsaye abin da zai iya ɗauka da wanda ya fi ƙarfinsa. Kada kuma babban cikin 'ya'yanki ya zama ɗan gadin dare ba da saninki ba, yara kan ɗauki irin wannan nauyi su yi shiru.

Tsakanin zama a wurinki da ƙaura gaba ɗaya akwai matakai. Mai jinyar dare da za ta zauna a farke, ko da dare huɗu a mako, takan sauya gida gaba ɗaya. Akwai cibiyoyin da ake kai masu mantuwa su wuni a dawo da su da yamma, kuma wunin da aka yi cikin haske da motsi kan taimaka wa barcin dare. Akwai ɗaukar masu jinya biyu da za su riƙa karɓeɓeniya a gidanki, amma ki sani ke za ki zama mai kula da su, ranar da ɗaya ta yi rashin lafiya kuma aikin kanki zai dawo. Wanda na fi so ki gwada shi ne zaman wucin gadi: gidajen kulawa da yawa suna karɓar mutum na mako biyu don iyali su huta. Wannan zai ba ki barci, ya nuna miki yadda gidan yake daga ciki, ya kuma sauƙaƙa wa yayanki, don ba a yanke komai ba tukuna.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Gidajen nan iri biyu ne, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Akwai waɗanda ke taimaka wa mutum da wanka da sutura da abinci da ba da ƙwayoyi, nas kuwa sai dai ta zo daga waje. Akwai kuma masu nas mai lasisi a cikin gidan dare da rana. Mai insulin da matsalar haɗiya da tarihin shanyewar jiki, ga mantuwa, nau'i na biyu take bukata, kuma wanda ma'aikatansa suka samu horo a kan mantuwa. Idan kika kai ta na farko don ya fi kyau a ido ko ya fi sauƙi, bayan 'yan watanni za su ce ta fi ƙarfinsu, a sake ƙaura ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya. Ki nemi ganin lasisin gidan da rahoton binciken ƙarshe na hukumar da ke sa ido a kansa, ki karanta abin da aka ce su gyara, ki tambaye su ko sun gyara.

Ki je aƙalla sau uku, ɗaya ba tare da sanarwa ba, ɗaya lokacin cin abinci, ɗaya kuma da la'asar sakaliya zuwa magariba, lokacin da masu mantuwa suka fi rikicewa kuma ma'aikata suka fi gajiya. Kada fenti da kujerun falo su ɗauke miki hankali, mazauna gidan za ki kalla. Dubi farcensu da bakinsu da gashinsu. Akwai ruwan sha inda hannunsu zai kai? Masu tabarau suna sanye da su? Warin fitsari a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci ba komai ba ne, amma wanda ya kama labule da barandar gidan gaba ɗaya yana nufin ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen kunzugu. Idan da hantsi kika ga rabin mutanen falo sun sunkuyar da kai suna barci yawu na zuba, ki tambayi kanki me aka ba su. A wurin cin abinci ki ga ko mai ciyarwa tana zaune daidai fuskar wanda take ba wa tana jiran ya haɗiye, ko tana tsaye a kan mutum uku tana cusa musu cokali bi da bi. Ki saurari yadda ake kiran mutane, da sunansu cikin girmamawa ko kamar ana kiran yara, kuma ko ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga. Ga mai son fita irin mahaifiyarki, ki duba ko ƙofar waje a tsare take amma akwai fili ko lambu da mutum zai zagaya ba mai tare shi. Mai yawon dare da aka hana motsi, faɗa yake komawa yi. Idan kika ga an ɗaure wani a kujera da ƙyalle ko ɗamara, ki fita kada ki waiwayo. Ko ƙarfen gefen gado haɗari ne ga mai ruɗewa, don haurawa zai yi ya faɗo daga sama. Abin da ya fi shi ne gado mai sauka ƙasa sosai, da katifa a gefensa, da tabarmar da ke ƙara idan an taka ta.

Sai tambayoyi, kuma ki yi wa nas ɗin da ke bakin aiki, ba mai karɓar baƙi kaɗai ba. Mutum nawa ke aikin dare, a kan mazauna nawa, kuma cikinsu nawa ne sai mutum biyu sun haɗu kafin a ɗaga su? Idan ma'aikatan dare biyu ne kuma duka suna ɗaki ɗaya suna juya wani, wa ke jin motsin mahaifiyarki? Wa ke yin allurar insulin ranar hutu da dare, me kuma ake yi idan mutum ya ƙi abinci? Shekara nawa shugabar gidan ta yi a nan, ma'aikata nawa suka tafi bara? Gidan da fuskoki ke canzawa kowane wata ba zai taɓa sanin mahaifiyarki ba. Sau nawa likita ke zuwa, wa ke raka mutum asibiti? Tambayar da ta fi tona asirin gida ita ce, "Idan mahaifiyata ta kai wa ma'aikaciya duka lokacin wanka, me za ku yi?" Amsa mai kyau za ta fara da ja da baya a dawo daga baya, a binciki ciwo ko sanyi ko kunya, a canza mai wankan ko lokacinsa. Idan amsar farko ita ce akwai maganin da ke kwantar da su, ki yi hattara. A shekarar 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan magungunan taɓin hankali irin su risperidone, cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu mantuwa, a 2008 kuma ta haɗa da tsofaffin irinsu kamar haloperidol. Suna kuma ƙara haɗarin shanyewar jiki, abin da mahaifiyarki ta riga ta sha. Akwai lokacin da ake bukatarsu, idan mutum na neman ji wa kansa ko wani rauni, amma da ƙaramin awo, na ɗan lokaci, da saninki. A Birtaniya izinin risperidone don faɗan masu cutar Alzheimer bai wuce mako shida ba. Wani bincike da aka yi a gidajen kulawa na ƙasar Norway, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ba da maganin ciwo a kan tsari, ana farawa da paracetamol, ya rage tashin hankalin mazauna masu mantuwa. Sau da yawa duka ciwo ne da bai samu bakin faɗa ba.

Ki tambaye su kuma abin da zuciya ba ta son tambaya: idan ta kwanta ba ta tashi, za ta iya zama a nan har ƙarshe, ko za a ce ku ɗauke ta? Suna da katifar iska mai rage danna jiki, suna juya mai kwanciya duk awa biyu zuwa huɗu su rubuta? Nan gaba maganar robar ciyarwa, wato wadda ake zura wa mutum ta hanci ko ta ciki don ba shi abinci, za ta taso. Ki sani tun yanzu cewa ga wanda mantuwa ta yi nisa ƙwarai, ba a ga robar tana tsawaita rai ko hana ciwon huhu ba, ƙwararru da yawa sun fi son a ci gaba da ba da abinci da hannu a hankali. Ke da yayanki da likita ku tattauna wannan cikin natsuwa, kada ya same ku a ɗakin gaggawa da tsakar dare.

Kada ki sa hannu a takardar yarjejeniya ranar da aka ba ki. Ki tafi da ita gida. Ki ga abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da ake biya daban, irin su kunzugu, kayan awon suga, rakiyar asibiti da wanki. Ki ga sau nawa ake ƙara kuɗi, ko ana ƙarawa idan lalura ta ƙaru, me ake biya idan tana kwance a asibiti, da kuma dalilan da za su sa gidan ya sallame ta da tsawon wa'adin da za su ba ku. Ki lura ko kina sa hannu ne a madadinta, ko kina ɗaukar bashin a wuyanki. Sai batun wanda doka ta ba ikon yanke mata hukunci a kan lafiya da dukiya. Takardar wakilci tana inganta ne kawai idan mai bayarwa ya fahimci abin da yake yi lokacin sa hannu. Idan ba a yi ta tun tana da hayyacinta ba, mai yiwuwa sai ta hanyar kotu, don haka ki ga lauya ko jami'in jin daɗin jama'a na asibitinku. Shi ne kuma zai gaya miki ko akwai tantancewar bukata ko tallafin da ya kamata a nema kafin a shiga.

Idan ranar ta zo, a zaɓi farkon mako da safe, lokacin da likita da kantin magani ke samuwa. Ki riga ta zuwa ki shirya ɗakin: bargonta da matashinta, hotunan da ta sani, rediyonta, gadon kuma ya fuskanci yadda nata yake, musamman ta sauka ta ɓarin jikinta mai ƙarfi. Ki sa suna a tabarau da haƙoran roba da na'urar ji in tana da su, su ne farkon ɓacewa. Ki kai jerin magungunanta daga hannun likita, da takardar awon sugar da kika tara, da shafi ɗaya da kika rubuta da kanki: sunan da take son a kira ta, aikin da ta yi a rayuwa, sunayen 'ya'ya da jikoki, lokacin ibadarta, abin da ke tsorata ta, abin da ke kwantar mata da hankali, da yadda fuskarta take in tana jin ciwo. Ku duba fatarta tare da nas a ranar, a rubuta nauyinta. Ba sai kin sanar da ita makonni kafin lokaci ba, za ta manta maganar ta riƙe fargabar. Gajeriyar gaskiya ta isa: "Mama, likita ya ce ki zauna nan a kula da sugarki, ni ma ina zuwa." Ki tafi lokacin da aka zaunar da ita cin abinci ko ana hira da ita, ba tare da dogon ban kwana ba.

Za ta ce a mayar da ita gida, kuma zai soke ki. Ki tuna a ɗakinki ma tana faɗin haka. Gidan da take nufi shi ne inda babarta take, wato inda ba ta jin tsoro. Kada ki ce mata babarta ta rasu, za ta ji mutuwar sabuwa fil kowane lokaci. Ki ce ta ba ki labarinta, ki riƙe hannunta, ku ɗan taka tare. Haka nan in ta kira ki ɓarauniya: abu ta ajiye ta manta, ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da wanda ya fi kusa. "Bari mu nema tare" ya fi rantsuwa amfani. Ki ba wa sabon wurin mako huɗu zuwa shida kafin ki yanke masa hukunci, kina zuwa a kai a kai na ɗan gajeren lokaci, a sa'o'i daban-daban. Duk zuwa ki leƙa dugaduganta da ƙugunta da ƙasan bayanta. Jan da ba ya gushewa idan an danna, ko a baƙar fata wurin da ya yi duhu ko zafi ko tauri fiye da kewayensa, shi ne farkon gyambon kwanciya, kuma a ranar za ki faɗa. Ki duba takardar magunguna ko an ƙara wani ba a gaya miki ba. Raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyinta a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, abin kiran likita ne. Rauni ba bayani, barcin da ya wuce kima, ko firgita idan wata ma'aikaciya ta matso, ki kai wa shugabar gidan a rubuce, idan ba a yi komai ba ki wuce hukumar da ta ba su lasisi. Ki kuma nemi a zauna da ke bayan mako shida a sake duba tsarin kula da ita.

Kafin duk wannan ya kammala, daren yau ma dare ne. Ki rataya ƙararrawa a ƙofar fita, ko ki sa sakata can sama inda idonta ba ya kaiwa, muddin akwai babba a cikin gidan da zai buɗe idan wani abu ya taso. Ki bar fitila a kunne daga gadonta zuwa banɗaki, ko ki ajiye kujerar bayan gida kusa da gadon, ki ɗauke ƙananan dardumai masu zamewa. Ki roƙi maigidanki ko wata 'yar'uwa su riƙe miki dare biyu a makon nan ki kwana a ɗakin da ba za ki ji motsinta ba. Ranar da kika kai ta wurin likita kuma, ki karɓi kati da sunanki, a auna hawan jininki, ki gaya masa yadda barcinki da kukanki suke. Allah ya ba Mama sauƙi, ya ƙara miki lafiya.